Wa'azin Ashirin ga Azumi: Bashin Ƙasa da Bashin Gida a Shekarun Tsanani



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai damina da rani, wanda ya kawo mu wannan wata da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu, na birni da na karkara, wanda ya jingine rediyonsa a rumfar kasuwa da wadda take ji tana dama kunun buɗa-baki, barkanmu da ibada. Yau azumin wannan shekara ya cika ashirin. Iyayenmu sun raba watan nan gida uku, suka ce goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla. To, ga mu a bakin na ukun. A cikinsu ake neman Lailatul Ƙadari, kuma a iya abin da na gani, babu kwanakin da ake cin bashi kamarsu in ba jajibirin layya ba. Saboda haka yau za mu yi magana a kan bashi, na ƙasa da na gida, da wata cuta da take tafiya tare da shi, wato yanke ƙauna.

Shekaranjiya bayan sallar Asuba wani magidanci ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, ƙasar nan tata ta ƙare. Bashi ya cinye ta, ƴaƴanmu ba su da gobe." Na ba shi haƙuri muka rabu. Da La'asar na bi ta kasuwa, sai na hango shi a rumfar mai shadda, ana auna masa yadi, ana rubuta sunansa a littafin bashi. Ban kawo wannan don in tona masa asiri ba. Ba shi kaɗai ba ne, ni ma da nake magana na taɓa faɗawa irin wannan rami, zan kuwa gaya muku yadda aka yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bakin da ya ce babu gobe da safe, shi ne da yamma ya je ya jinginar da goben.

Jama'a, ba zan ce muku babu wuya ba, don wanda ya yi wa'azi da ƙarya ya zubar da ladansa. Akwai wuya. Tun ƙarshen watan Yuli na 2023, da aka sami canjin mulki a Yamai, ƙasashen CEDEAO suka rufe mana iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da muke saye a wurinta, aka riƙe kuɗin gwamnati da ke babban bankin yankinmu. Shinkafa da sukari da magani da suka saba shigowa daga Kwatano ta Gaya, suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, hanya mai nisa mai haɗari, kuɗin mota kuwa kullum a kan mai saye yake ƙarewa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma farashin da ya hau ba ya gaggawar sauka. Kafin mu huce, sai daminar 2024 ta zo da ambaliya. Gidaje suka rushe a Maraɗi, gonaki suka nutse, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba. Ga darajar naira ta zube. Mai kai dabba Jibiya ko Illela yakan sayar, ya zo wurin canji, ya ga kuɗin sun narke a hannunsa. A azumin 1446 kuma an yi ta bin dogon layi a gidajen mai. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya koka a kai bai yi saɓo ba.

To mene ne bashin ƙasa da ake ta faɗa? Ni allo da zaure na sani, amma na zauna da masu aikin na tambaye su, sai na tarar abin bai bambanta da lissafin maigida ba. Gwamnati tana da abin da ke shigo mata: haraji, da kuɗin duwan, da rabonta na ma'adinan da ake haƙowa. Tana da abin da ke fita: albashi, da tsaro, da likita, da makarantu, da hanyoyi. In mai fita ya rinjayi mai shiga, sai ta ranta. Wani lokaci a wurin Bankin Duniya ko asusun FMI ko wata ƙasa. Wani lokaci kuma ta rubuta takardun bashi, bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefa irin tamu su saya, a kan za a mayar musu ranar kaza da kuɗin ruwa kaza. In wa'adi ya cika babu abin biya, sai a karɓo sabo a biya tsoho, a tona rami a cike rami. Mai biyan na ƙarshe kuwa shi ne ni da kai, da jaririn da aka raɗa wa suna yau da safe.

Mu da muka haura sittin mun ga wannan al'amari tun daga tushensa. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, zamanin marigayi Seyni Kountché, farashinsa ya yi tsada, kuɗi suka shigo irin waɗanda ƙasar ba ta taɓa gani ba. Masu ba da rance suka buɗe ƙofa, don mai abu ake ba bashi. Aka yi hanyoyi, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Sai a farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, bashin kuwa yana nan inda yake, yana haihuwa. Daga 1983 ƙasa ta shiga hannun FMI, suka ba da rance da sharuɗɗa: a rage kashe kuɗi, a taƙaita ɗaukar ma'aikata, a saki wasu kamfanonin gwamnati. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A shekarun 1990 ma'aikaci yakan yi watanni bai ga albashi ba, yajin aiki ya yi ta rufe makarantu. A watan Janairu na 1994 aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100. Muka kwana da kuɗinmu a aljihu, muka tashi rabin ƙarfinsu ya tafi.

A 2004 aka yafe wa Nijar babban kaso na bashin waje, aka ƙara yafe wani a 2006. Allo ya kusa wankuwa, sannan aka sake rubutu a kansa sannu a hankali. Da takunkumi ya zo, abin da wa'adinsa ya cika ƙasa ba ta sami damar biya ba ya haura miliyar 300 na sefa zuwa Fabrairun 2024. A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta karɓi miliyan 400 na dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa ba, daga kamfanin mai na ƙasar Sin, CNPC, a kan za a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda, da ruwa kashi 7 cikin ɗari. Duk manomin da ya ji wannan zai ce, ai wannan falle ne: ka ci kuɗin amfanin gona tun bai nuna ba, ranar girbi kana kallo a ɗora wa jakin wani. Matsuwa ce takan kai mutum ga falle, ita ce kuma takan kai ƙasa. Mun san halin da aka shiga. Amma addini nasiha ne, kuma shugabanni suna cikin waɗanda aka umarce mu mu yi wa nasiha. Don haka, cikin ladabi, ga abubuwa uku.

Na farko, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba. In an nemi haka tsakanin mutum biyu a kan jikka goma, ina ga bashin da al'umma duka za ta biya? Haƙƙin talaka ne ya san nawa aka ranto da sunansa, da abin da aka yi da shi. Kuɗin ruwa kuwa hukuncinsa bai canza ba don mai karɓa gwamnati ce. Larura tana da nata hukunci, amma ana auna ta daidai gwargwadonta, ba a mayar da ita abincin kullum.

Na biyu, ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam. Sarkin Masar ya yi mafarkin shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba. Annabi Yusufu ya fassara masa: shekara bakwai na yalwa, bakwai na fari a bayansu. Shawarar da ya bayar kowane Bahaushe ya san ta: a ci kaɗan, sauran a bar shi a zangarniyarsa, kamar yadda kakanninmu suke zuba dami a rumbu ba tare da sussuka ba don ya jima. Yau bututun mai ya tashi daga Agadem har bakin teku a ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000. Mai yiwuwa shanunmu masu ƙiba ke nan suka sake fitowa. Mun ga yadda ramammu suka cinye na yuraniyom. Mumini kuwa ba a saran sa sau biyu a rami ɗaya.

Na uku, Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Madina da kewayenta, har ake kiran ta shekarar toka. Ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya tsaya da kansa a kan rabo. Ya kuma haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun wadata, ya dinga cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya canza. In za a ce da talaka ya ɗaure ciki, to a fara ganin ɗaurin a kan manya: a motocinsu, da tafiye-tafiyensu, da bukukuwansu.

Kada kuma mu mabiya mu wanke hannunmu. Wanda ya ba da cin hanci don kayansa su wuce ba duwan, da wanda ya karɓa, da ɗan kwangilar da ya rubuta buhun siminti ɗari ya zuba hamsin, da mai karɓar albashin aikin da ba ya zuwa, kowannensu ya ƙara dami a kan wannan kaya. Ana cewa dukiyar gwamnati ba ta da mai ita. Ƙarya ne, masu ita sun fi miliyan 20, kuma kowannensu zai nemi haƙƙinsa gobe ƙiyama. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba da labarin wani da ya mutu a hanyar jihadi, mutane suna yi masa murnar shahada, alhali mayafi guda da ya ɗauka daga ganimar Haibara kafin rabo yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda, jama'a.

Yanzu mu dawo kan mai cewa tamu ta ƙare. Imamu Malik da Imamu Muslim sun ruwaito gargaɗin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ga mutumin da yake yanke wa jama'a hukuncin halaka, cewa shi ne ya fi su halaka. Annabi Yakubu ya rasa ɗa, ya sake rasa wani, ganinsa ya tafi saboda baƙin ciki, fari kuma yana ci, duk da haka ya tura sauran ƴaƴansa nema, ya hana su fid da rai daga rahamar Allah. Illar yanke ƙauna ita ce tana kashe tattali. Wanda ya gaskata babu gobe, don me zai ajiye tiya guda? Don me zai gyara katangarsa, ko ya koya wa ɗansa sana'a? Sai ya ce bari in ci yau, in ma na aro ne.

Ƙasar nan ta ga abin da ya fi wannan. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ni da idona na ga ta 1973 da 1974 ina almajiri, na ga makiyayan da suka sauko daga arewa da sanda kawai a hannu, garke ya ƙare. Na ga ta 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya. Na ga ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa, lokacin da iyaye mata suka cika wuraren ciyar da yara a Maraɗi. Kowane karo an sami masu cewa daga wannan sai tashin duniya. Ga mu nan muna azumi.

Ku dubi kuma abin da ya biyo bayan 1984. Gonakin jihar Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Sai manoma, da ƙarfafawar wasu masu aikin raya karkara, suka canza yadda suke sassabe. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a kiyaye su. Babu rance a ciki, wuƙa ce da haƙuri. Yau masana suna ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya sun kai miliyan 200, gawo da ire-irensa, suna ba da taki da harawa da itacen girki. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ko Alƙiyama ce za ta tsaya alhali da dashe a hannun ɗayanmu, in ya sami iko ya dasa shi. Waɗannan manoma sun yi aiki da hadisin, da wanda ya san shi da wanda bai sani ba.

To ga nawa labarin da na yi muku alkawari. A 1994, wata guda bayan karya sefa, azumi ya kama. Lokacin ban jima da zama limamin masallacin unguwa ba. Na ga bai dace liman ya fita Idi da tsohuwar riga ba. Na je wurin wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu, na karɓi shadda da atamfa da kayan yara na jikka talatin, ina lissafin abin da ma'aikatan unguwa suka saba yi mini na alheri. Ashe su ma albashinsu bai fito ba. Salla ta zo ta wuce a yini ɗaya, bashi ya zauna wata goma sha ɗaya. Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tsayar da ni a hanya ba. Amma a sahun farko yake salla, daidai damana. Sau biyar a yini, in na yi sallama na juyo, fuskarsa nake fara gani. Sai na sami kaina ina ce masa, "Alhaji, Juma'a mai zuwa in sha Allahu," alhali na san babu abin da nake jira ranar Juma'a. Sannan na fahimci hadisin Nana A'isha da na sha karantar da ɗalibai: an tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, dalilin yawan neman tsarinsa daga bashi, ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya a zance da saɓa alkawari. Daga ƙarshe kekena na sayar na cika. Ranar da na biya, shaddar ta riga ta koɗe. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bashi ba haramun ba ne, hanji ne, yana cikin kowa. Annabi da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir. Amma ku lura da abin da ya karɓa: abincin iyali ne. Ku lura kuma ya bar abin da zai biya. Shi ne wanda akan ga jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta a gidajensa ba, sai dabino da ruwa. An kawo masa gawa, da ya ji akwai bashi a kanta ba abin biya, ya ce sahabbai su sallaci mutuminsu, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya shiga gaba. Muslim ya ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Zubairu ɗan Awwam, ɗaya daga goman da aka yi wa bushara da Aljanna, wasiyyarsa ga ɗansa Abdullahi a ranar da zai rasu a kan bashi take. Abdullahi ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

Na haura shekara talatin ina sallatar gawa. Kowane karo akan yi shela: wanda yake bin mamaci bashi ya ga wane. A maƙabarta kowa yakan yi shiru. Bayan kwana bakwai sai su fara zuwa, wani da takarda, wani da rantsuwa kawai, marayu suna kallo. A Risala ta Ibn Abi Zaid mun karanta jerin: likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Na ga gidan da bashi ya cinye har magada suka tashi da tabarma kawai. Saboda haka ga abin da nake roƙonku a kwana goman nan.

Maigida, ka zauna daren yau bayan Asham, ka rubuta ko ka sa a rubuta maka duk wanda yake bin ka, da nawa, da yaushe. Ka nuna wa matarka da babban ɗanka. Sannan ka auna abin da ke hannunka, ka fara da hatsin da zai kai ka kaka, da magani, da haya. Abin da ya saura shi ne na salla. Abin da aka so ranar Idi shi ne mutum ya yi wanka ya sa mafi kyawun tufar da yake da ita. Wankakkiyar riga taka ta kanka ta wadatar. In akwai kaɗan, a fara da yara ƙanana. Sukarin da ake kai wa surukai al'ada ce mai kyau ta sada zumunci, amma ba farilla ba ce, kada a ranto don ita. Ku kuma surukai, ku karɓi kaɗan da fara'a, ku sa albarka.

Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu, na san da yawanku ku ne kuke riƙe da gidajen nan da ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli, Allah ya saka muku. Adashe halal ne muddin abin da aka zuba shi ake kwasa. In kwasarki ta zo, ki sa ta a jari ko ki sayi ƴar akuya, kada ta tafi a anko da gasar kayan ɗaki. Tukunya biyar a buɗa-baki, a zubar da uku da safe, alhali maƙwabciya da ruwa ta sha, wannan ba karamci ba ne. Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro.

Ƴaƴana matasa, ku lissafa abin da shayin fada da kuɗin waya suke ci a wata, za ku ga jarin ƙaramar sana'a. Ga lambun albasa a Galmi da Madawa, ga aya da wake da riɗi, ga ɗinki da gini da gyaran babur. Babu ƙasƙanci a cikin ɗayansu. Ƙasƙanci yana ga sauya hanya don kada ka haɗu da mai bin ka.

Wanda kuma yake da halin biya yana ja wa mai haƙƙi rai, ya sani Annabi ya kira wannan zalunci. Kada ka tafi Umra da kuɗin tela da na lebura a aljihunka.

Ku kuma masu hali, da ku nake yanzu. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Ka buɗe littafin nan naka, ka duba sunan gwauruwa ko wanda ruwa ya rushe wa gida, ka ja layi a kai a daren ashirin da bakwai, ka gaya masa don ya yi barci. Mai fid da zakka ya tuna waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Ku ji tsoron Allah a kan manoma in bazara ta yi tsanani. Ba da tiya guda ta hatsi a karɓi biyu da kaka riba ce tsantsa. Ba da jikka goma a karɓi goma sha biyar riba ce. Riƙe gonar jingina kana nomawa kana ci shekara da shekaru saboda rancen da ka bayar, rance ne da ya jawo amfani, malamanmu na Malikiyya sun hana. Sayen amfanin gona kafin girbi ya halatta in an ambaci nau'i da awo da wa'adi, aka kuma ba da kuɗin a take, amma wanda ya karya farashi don ya ga yunwa a idon ɗan'uwansa, ya tanadi amsar da zai bayar. Annabi ya yabi Ash'arawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kowace unguwa tana iya yin rumbun masallaci: tiya-tiya da kaka, a buɗe lokacin shuka, a ranta ba tare da ƙari ba.

Shi kuwa ɗan'uwana na ƙofar masallaci, in yana saurare, ina gaya masa ƴaƴansa suna da gobe da izinin Allah. Ya koma wurin mai shadda tun ba a kai wa tela ba, ya mayar da abin da ya fi ƙarfinsa. Kunyar sa'a guda ce. Ni na yi ta wata goma sha ɗaya.

Ya Allah, ka biya wa duk mai bashi bashinsa, ka wadatar da mu da halal, ka sa mana wadatar zuci a kan abin da ka ba mu. Ka shiryar da shugabanninmu, ka ba su mashawarta na gari, ka sa tausayin talakawa a zukatansu. Ka sauke wa ƙasarmu nauyin da ke kanta, ka ba mu zaman lafiya da damina mai albarka wadda babu ɓarna a cikinta. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka sa mu dace da daren Lailatul Ƙadari, kada ka karɓi ranmu da haƙƙin kowa a wuyanmu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah ya gafarta mini da ku. Sai gobe war haka in Allah ya kai mu. A sha ruwa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.